Kafin Ka Kwance Tayar Gaba a Ƙofar Gida

Duk mai mota a Warra, ko Libata, ko Birnin Yauri, ko can Shanga, wanda ya riga ya sayo faifan birki ya ajiye yana jiran ranar da babu lodi ya kwance taya ya ɗaura da kansa, ina roƙonsa don girman Allah ya dakata tukuna. Wanda kuma ya riga ya ɗaura, kada ya ɗauki fasinja ko iyali sai ya koma ya duba abubuwan da zan faɗa. Wannan ɗabi'a tana yaɗuwa da sauri a tsakanin matasan direbobinmu, ga kuma kaka, lokacin da kowace Golf da kowace Sharon ke fita maƙare da buhunan shinkafa da kwandunan kifi banda, daga baya albasa ta biyo. Birkin da aka ɗaura ba daidai ba, ba ya tona kansa a ƙofar gida. Yakan yi shiru har sai mota ta cika, ta ɗauki gudu, ƙarfe ya yi zafi, sannan saniya ta faɗo titi.

Na san abin da ya kawo haka, kuma ban ga laifin mai neman sauƙi ba. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya, duk wani ƙarfe da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo. Direban da ke jigila tsakanin Warra da Yelwa yakan wuni a hanya, da yamma ya tarar mai ya cinye mafi yawan abin da ya samu, ga kuɗin mai mota, ga cefane. Kai mota wurin ƙwararren makaniki a Yelwa ko Kontagora yana nufin asarar yini guda da man zuwa da dawowa, kafin a zo kan kuɗin aiki. Sai ga waya a hannu. Yaro ya buɗe YouTube ko TikTok, ya ga wani Bature cikin minti goma ya zare tsohon faifai ya zura sabo yana murmushi. Abin da hoton bai nuna masa ba shi ne, mutumin nan a kan daɓen kankare yake, motarsa tana zaune a kan ƙafafun ƙarfe da aka ƙera don haka, faifansa sabo ne fil daga kwali, yana da sifana mai awo da ke gaya masa iya ɗaurin kowane noti, kuma motar ba ta yi shekara ashirin da ɗoriya tana cin laka da yashin bakin tafki ba.

Aikin birki shi ne mayar da gudu ya zama zafi, kuma faifan nan shi ke shanye zafin. Ƙaramar mota da mutanenta da ɗan kaya takan kai kilo 1,500. Idan tana gudun kilomita 100 a awa, tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Tsayar da ita cak sau ɗaya yana fitar da zafin da zai kai kusan lita biyu na ruwa ga tafasa, a cikin daƙiƙa huɗu ko biyar kawai, kuma mafi yawansa a kan faifai biyun gaba yake sauka, domin idan aka taka birki nauyin mota gaba yake komawa. Idan gudu ya ninka, zafin yakan ninka sau huɗu. Idan lodi ya ƙaru, shi ma ya ƙaru daidai gwargwado. To, a hanyoyinmu ba sau ɗaya ake takawa ba. Daga Warra zuwa Malando, daga nan a hau babban titin da ya taho daga Kontagora ya ratsa Yelwa ya nufi Koko da Jega, direba yana kan birki ne a kai a kai: rami, garken shanu, ɗan acaɓa, tirela da ta mutu a tsakiyar hanya. Faifan bai gama hucewa daga na baya ba, an sake ɗora masa wani.

Shi ya sa kauri shi ne ran faifai. Kowane faifai na ƙwarai an buga masa lamba a gefensa ko a wuyansa, bayan haruffan MIN TH, wadda ke nuna iyakar kaurin da idan ya kai sai jefarwa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ƙanƙantar tazarar. A yawancin ƙananan motoci, tsakanin sabo da wanda ya ƙare milimita biyu ne kacal. Faifan gaba na Golf da yawa yana zuwa da milimita 20, iyakarsa 18. Wani yana zuwa da 25, iyakarsa 23. Ido ba ya raba waɗannan, tafin hannu ma ba ya rabawa. Sai an sa ma'aunin kauri irin na masu sassaƙa ƙarfe a inji, kuma a auna a tsakiyar inda takalmin birki ke gogawa, a wurare da dama, ba a baki ba. Bakin yana yaudara, domin takalmi ba ya taɓa shi.

Ka cire taya ka dubi tsohon faifai da kyau cikin hasken rana. Ka sa farce ka jawo daga tsakiya zuwa baki. Idan farcen ya maƙale a wani ɗan tudu da ya kewaye bakin, wannan tudun shi ne asalin kaurin faifan, duk abin da ke ƙasa da shi an cinye. Za ka ga layuka zagaye-zagaye, wasu har farce na faɗawa ciki. Yashi ne ya shiga tsakani, ko takalmi ya ƙare ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe. Za ka ga tabo shuɗi-shuɗi ko ruwan ƙasa mai duhu, alamar wurin ya taɓa yin zafin da ya wuce kima. Wani lokaci kuma, idan ka share ƙura, za ka ga tsaga siririya ta miƙe daga ciki ta nufi baki. Faifai na ɗanyen ƙarfen zubi ne. Ba ya lanƙwasa ya ba ka labari, fashewa yake yi. Wanda ya tsage ba shi da gyara, kuma duk mai waldan da ya ce zai liƙe maka shi, ka gode masa ka tafi.

A nan ne maganar Beljiyam ta shigo, kuma a nan na fi jin tsoro. Mun saba, kuma da gaskiyarmu, cewa kayan Beljiyam da ake kawowa daga Ladipo a Legas, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, sau da yawa sun fi sababbin jabu ƙarko. Ga injin ko giya ko ƙofa, haka ne. Amma faifan birki abin ci ne, an yi shi ne don ya ƙare. Wanda aka ciro daga motar da ta gama rayuwarta a Turai, ya riga ya ba da wani kaso na milimita biyun nan, wataƙila ma duka. Wani kuma an kai shi inji an sassaƙe fuskarsa, tudun bakin ya ɓace, ya yi sumul yana ƙyalli. Sassaƙa ba laifi ba ce idan bayan an gama kaurin yana sama da iyakar da aka buga. Amma faifan da aka sassaƙe don a ɓoye tsufansa ya fi tsohon da ka cire hatsari, domin naka yana nuna tsufansa, wannan kuwa an goge shaidar. Sabo a kwali ma ba a rufe ido a kansa. Akwai masu arha da aka rage wa nama aka faɗaɗa ramin iskar da ke tsakiya, kaurin waje daidai, amma bangon biyu sirara. Ka ɗauke shi a hannu ɗaya, tsohonka na asali a ɗaya hannun. Idan sabo ya fi wanda ya ci hanya sauƙin ɗauka, ka mayar wa mai shago abinsa.

Kwanakin baya na bi ta wata unguwa da hantsi, na tarar da wani matashi a gindin dogonyaro, Golf ɗinsa a karkace, tayar hagu a yashe gefe. Kansa da kafaɗunsa suna cikin ramin tayar, ƙafafunsa miƙe a ƙarƙashin mota. Ƙanensa na tsaye ya riƙe masa waya yana tsayar da bidiyo yana sakewa. Kalifa, wato maƙallin da ke matse takalmi a jikin faifai, tana reto a jikin tiyon man birki, babu abin da ya tallafe ta.

Na ce, “Ƙanena, sannu da aiki. Me ke riƙe da motar nan?”

Ya leƙo ya ce, “Yawwa, Yaya, sannu. Jak ne, ga bulo kuma na kara mata.”

“Faifan fa, guda nawa ka sayo?”

“Ɗaya ne, Yaya. Na wannan gefen ne ke ƙara. Ɗayan lafiyarsa lau.”

Na roƙe shi ya fara fitowa daga ƙarƙashi kafin mu ci gaba da magana. Da ya fito muka duba tare, gindin jak ɗin ya riga ya nutse a yashi ta gefe ɗaya, bulon simintin kuma an kwantar da shi ramukansa na kallon gefe, ta inda ya fi rauni. Yaron mai hankali ne, mai neman na kansa, ba wawa ba ne. Abin da bidiyon bai faɗa ba ne kawai bai sani ba.

Jak ɗin da ke zuwa da mota na canza taya ne a bakin hanya, minti biyar, ba tare da wani sashe na jikinka ya shiga ƙarƙashi ba. Aikin faifai kuwa yana buƙatar ƙarfi: notocin da ke riƙe da gindin kalifa suna da tauri, sai an ja da iya ƙarfi, faifan da tsatsa ta kama kuma sai an buga. Kowane ja da kowane bugu yana girgiza motar. Ƙasarmu ta bakin tafki yashi ce da laka, ba ta riƙe gindin jak. Bulon siminti ba ya gargaɗi, murƙushewa yake yi lokaci guda. Idan babu ƙafafun ƙarfe na ɗora mota, mafi ƙaranci shi ne wuri mai tauri kuma a miƙe, faffaɗan katako mai kauri a ƙarƙashin jak, kututturen itace mai ƙwari a ƙarƙashin ƙashin mota, duwatsu a gaba da bayan tayoyin baya, birkin hannu a ja, tayar da aka cire kuma a tura ta kwance ƙarƙashin gefen motar. Duk da haka kai da ƙafa ba sa shiga. Wanda mota ta danne wa ƙirji ko cinya a Warra, idan abin ya fi ƙarfin asibitin gari, tafiyar awanni ce kafin a kai Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Maganar faifai ɗaya kuma, ita ce arhar da ta fi kowace tsada. Faifai biyun gaba tare ake canza su, da sababbin takalma a kowane gefe. Idan hagu sabo ne dama tsoho, kamunsu ba zai zo ɗaya ba. A taka a hankali, ba za a ji komai ba. A taka da ƙarfi cikin firgici, mota ta fizge zuwa gefen da ya fi kamu, ko cikin daji, ko gaban motar da ke tahowa. Tsohon takalmi a kan sabon faifai shi ma haka: fuskarsa ta riga ta ɗauki layukan tsohon faifai, sai ya riƙa taɓa sabon a 'yan wurare, kamu ya ragu, sabon faifan ya fara lalacewa tun makon farko. Takalmin da namansa ya sauko kusan milimita uku ya gama aiki. Wanda kuma aka ɓare aka liƙa masa sabon nama da gam a bakin kasuwa, zafi na iya raba naman da ƙarfen a tsakiyar tafiya.

Akwai wani wuri da kusan duk mai gyaran gida ke tsallakewa, domin ba ya kama da aiki. Bayan an zare tsohon faifai, fuskar hob, inda faifan ke zama, takan kasance da tsatsa da busasshiyar laka. Dole a kankare ta da burushin ƙarfe da samfefa har farin ƙarfe ya fito. Karkacewar da ake yarda da ita a faifai ba ta wuce wajen milimita 0.05 ba, abin da bai fi kaurin silin gashi ba. Ɓarɓashin tsatsa guda da ya rage a baya ya isa ya karkatar da sabon faifai fiye da haka. Ranar farko shiru. Bayan 'yan makonni faifan ya cinye ba daidai ba, sitiyari ya fara rawa duk lokacin da aka taka, feda tana harbin tafin ƙafa. Sai a ce faifan jabu ne, a sake sayen wani, a sake ɗora shi a kan tsatsar nan. Sabon faifai kuma yana zuwa da ɗan mai da aka shafa masa don kada ya yi tsatsa a kwali. Sai an wanke shi tas, da maganin wanke birki ko ruwan zafi da sabulu, a busar. Kananzir da gas ba sa wankewa, wani man suke bari. Hannu mai giris kada ya taɓa fuskar faifai ko ta takalmi, domin takalmin da ya sha mai ba ya komawa daidai. Ƙurar birki kuma ba a hura ta da baki ko da iskar mai faci. Wasu takalman masu arha har yanzu ana sa musu asbestos, wanda ƙurarsa ke zama a huhu ta haifar da cuta bayan shekaru. A jiƙa tsumma a share, a kuma kori yara daga wurin.

Kalifar da aka bari tana reto a jikin tiyo, ɓarnarta a ɓoye take. Tiyon roba ne da zare a ciki, nauyin ƙarfen yana tsinka zaren ba tare da an ga komai a waje ba, sai ranar da aka taka da ƙarfi ya kumbura ko ya fashe. A rataye kalifa da waya a jikin sifirin. In za a mayar da ita, a tabbata tiyon bai murɗe ba, kuma ba ya gogar taya idan an karya sitiyari har ƙarshe ta kowane gefe. Fistin ɗin ciki a tura shi a hankali, a miƙe, a kan tsohon takalmi, murfin kwalbar man birki a buɗe ana lura kada ya malalo. A motocin da ke da faifai a baya kuma, sau da yawa fistin ɗin murɗa shi ake yi yana shiga, saboda birkin hannu a cikinsa yake. Wanda ya danna shi da ƙarfin tsiya ya lalata shi. Sandunan da kalifa ke zamewa a kansu suna da nasu man na musamman. Giris na gama-gari ko baƙin mai yana kumbura robarsu, kalifa ta ƙage, takalmi ɗaya ya riƙa gogar faifai ba tare da an taka ba, har taya ta yi zafin da hannu ba ya taɓawa.

Sai ɗauri. Notocin gindin kalifa idan ba su ɗauru ba, a hankali suke warwarewa da girgizar hanya. Ranar da ɗaya ya fita, kalifa ta juya ta daki wili daga ciki, taya ta kulle ana cikin gudu. Notocin taya kuwa matsalarsu akasin haka ce. Al'adarmu ita ce a zura bututu a wil sifana, mutum ya hau ya yi tsalle har sai ta yi ƙara. Yawancin ƙananan motoci irin namu ɗaurin da kamfani ya ce yana tsakanin awo 100 zuwa 120 ne a sifana mai awo, abin da hannun baligi ke kaiwa da sifana ta daidai ba tare da hawa ba. Wuce gona da iri yana miƙar da ƙusa har ta yi rauni, kuma yana matse faifai ta gefe ɗaya. A ɗaura kaɗan-kaɗan ana tsallake ɗaya zuwa na ƙetarensa, a kammala bayan mota ta sauka ƙasa, a sake dubawa bayan tafiyar kamar kilomita 50.

Wannan da zan faɗa yanzu, ko ba a riƙe komai ba a riƙe shi. Bayan an tura fistin baya an haɗa komai, takun farko feda za ta tafi har ƙasa, babu birki ko kaɗan. Na biyu ma wataƙila haka. Sai an taka an saki sau da dama, mota na tsaye, har fedar ta yi tauri, sannan takalmi ya dawo jikin faifai. Mutum ya gama aiki, ya gaji, ya ji daɗi, ya shiga ya ta da mota ya sa ribas. A ƙofar gidajenmu kuwa wa ke bayan mota? Yaran da suka taru kallon gyara, da akuya, da mai tallan ƙosai. A bakin ruwa inda ake lodin kifi, gangare ne zuwa tafki. Kada a sa giya sai feda ta yi tauri, an duba man da ke kwalba, an leƙa bayan kowace taya an ga babu ɗigo. Idan an yi ta takawa fedar ta ƙi tauri, ko tana nutsewa a hankali idan an riƙe ta, iska ta shiga ko akwai yoyo. Motar nan ba ta motsawa daga wurin, makaniki ne zai zo ya same ta.

Ko da komai ya tafi daidai, sabon faifai da sabon takalmi ba su san juna ba tukuna, kamunsu bai cika ba. A nemi hanya miƙaƙƙiya marar jama'a, mota babu kowa, a kai gudun 50 ko 60, a taka da matsakaicin ƙarfi har ta kusa tsayawa, a sake, a maimaita kamar sau goma ana ba da tazara don ya huce. Sannan a lallaɓa ta na kilomita ɗari biyu na farko. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa gyaran birki da daddare don a yi sammakon lodin kasuwa ganganci ne da ran mutane.

Tunda ana maganar birki, ba zan wuce wasu abubuwa uku da ake yi a tasha ba. Man birki yana shan danshin iska. Nau'in DOT 4 sabo sai ya kai digiri 230 yake tafasa, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a 155. DOT 3 kuwa daga 205 ya sauko 140. Idan ya tafasa, tururi ne a cikin bututu, feda ta tafi ƙasa. Mu da ke zaune a bakin ruwa, canza shi duk shekara biyu ba almubazzaranci ba ne, kuma a sayi wanda bakinsa ke rufe. Masu zuba ruwan omo a kwalbar birki idan mai ya ƙare, da masu dandaƙe bututun ƙafar da ke yoyo su ce sun kashe ta sauran ukun sun isa, su ji tsoron Allah. Haka masu watsa wa taya ruwa idan ta yi zafi: ɗanyen ƙarfe mai zafi da ruwan sanyi, tsagewa ce. A bar shi ya huce da kansa, a gangare kuma a sauko da giya ta taimaki birki.

Mutanen Warra ba sa buƙatar dogon bayani a kan abin da lodi fiye da kima ke yi wa tsohon abin hawa. Ranar 26 ga Mayun 2021 mun ga abin da ba za mu manta ba, da jirgin ruwa ya nutse da ɗimbin 'yan'uwanmu, jami'an hukumar hanyoyin ruwa suka ce jirgin tsoho ne kuma an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. Allah ya jiƙansu da rahama. Haɗarin titi ba ya zuwa da yawa haka a rana ɗaya, shi ya sa ba ya girgiza gari. Yau mota ɗaya, wata mai zuwa wata, a ce birki ne ya tsinke, a yi ta'aziyya, a watse. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, tun kafa ta a 1988, tana lissafa lalacewar birki cikin sanadin haɗurra, amma jami'inta a bakin titi ba zai iya ganin kaurin faifai ta cikin wili ba. Mu ne za mu iya. Ina kira ga shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW a tashoshin Warra da Yelwa da Shanga: ma'aunin kauri guda da sifana mai awo guda ba su fi ƙarfin asusun tasha ba. A saya a ajiye wurin amintaccen makaniki, duk motar da aka taɓa wa birki ta bi ta wurinsa kafin a sa ta a layi. Masu sayar da kayan Beljiyam su ajiye ma'auni a kan teburi su auna a gaban mai saye. Iyayenmu makanikai kuma, idan yaro ya zo da tambaya kada a kore shi don bai kawo aiki ba. A nuna masa, ko a karɓi ɗan abin dubawa a duba masa abin da ya ɗaura. Fasinja ma yana da haƙƙin magana. Idan ka ji ƙarar ƙarfe na cin ƙarfe, ko ƙaurin ƙuna daga taya, ko ka ga direba yana taka feda sau biyu sau uku kafin mota ta rage gudu, ka ce, “Malam direba, don Allah tsaya in sauka,” ko da kuɗin motar zai tafi.

Ban ce babu mai iya wannan aiki a gida ba. Wanda ya zauna gaban makaniki ya gani sau da yawa, yana da wuri mai tauri, da abin ɗora mota, da ma'auni, da sifana mai awo, da faifai biyu da takalma sababbi, da yini guda da babu mai jiransa, zai iya. Wanda ya rasa ɗaya daga cikin waɗannan, ya ɗauki faifansa ya kai gareji ya biya kuɗin hannu kawai, ya tsaya a kai ya ga an kankare hob, an wanke faifai, an rataye kalifa.

Kai kuma da ka riga ka ɗaura a 'yan kwanakin nan, gobe da safe kafin lodi ka kai motar a hankali, babu kowa a ciki, wurin makaniki. Ya cire tayoyin biyu, ya karanta lambar da ke jikin faifan ya auna, ya sa sifana a notocin gindin kalifa, ya bi tiyo da hannu daga sama har ƙasa yana neman kumburi ko danshi, ya duba kwalbar mai. Idan faifai ɗaya ka canza, a sa ɗan'uwansa a ranar. Idan kuɗin bai cika ba, motar ta kwana a gareji har ya cika.